Tiramol a Hannun Mai Ɗakina

Ciwon ya faro ne daga manyan yatsun ƙafata, a shekara ta uku da na fara shan maganin ƙanjamau. Da farko ji nake kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Kafin damina ta zagayo ya koma wuta. In na sa takalmi zafi, in na tuɓe na taka ƙasa zafi, ko bakin wando ya goge ni a idon sawu sai in zabura. Ba kumburi, ba rauni, ba abin da ido zai gani. Mai ɗakina, wadda ita ma take shan maganin tare da ni kowace safiya, ta sha ɗora ƙafar a cinyarta tana juyawa, ta ce, "Ni dai ban ga komi ba, malam." Ita Allah ya tsare ta, ba ta taɓa jin irinsa ba.

A Sabon Birni muke zaune, amma a wani asibiti a Isa muke karɓar magani, duk bayan wata uku. Ni na zaɓi haka, don can ba a san fuskata sosai ba. Sau ɗaya na ce musu ƙafa na damuna, a gurguje, ba tare da na yi bayani ba, aka ba ni farasitamol. Bai yi mini komi ba, ni kuma ban sake tada maganar ba. Burina kawai in karɓi kwalabena in cusa a jaka in fice kafin wani ɗan garinmu ya gan ni a layi.

Sana'ata a lokacin fatauci ce a kan babur. In ɗauki atamfa da sabulu da takalman roba, in bi ta Burkusuma in tsallaka Nijar, in dawo da dabino da cuku da kanwa. Hanya ce ta rairayi, ƙafa ba ta hutawa: ka taka giya, ka taka birki, ka dogara ƙasa in babur ya nemi kwanciya. Wata rana a tasha ina zaune ina tsiyaya wa ƙafata ruwan buta, sai wani abokin tafiyata ya ciro ƙwaya ɗaya daga aljihu ya miƙo mini.

"Sha wagga ka ba ni labari," in ji shi.

Tiramol ce. Duk mai hawa babur a iyakar nan ya san sunanta. Ranar na je Burkusuma na dawo ban tuna ina da ƙafa ba. Na yi wasa da yara a tsakar gida, na ci tuwo malmala biyu. Mai ɗakina har tambayata ta yi ko albishir aka yi mini a hanya.

Daga ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina kula. Samunta ba wuya. Akwai mai tallar magani da ke zama da kwali a bakin tasha, ba ya tambayarka komi, kalar fakiti kawai za ka faɗa. Wata ta bugar da kai, wata ka sha kamar ba ka sha ba. Abin da ban gane da wuri ba shi ne ciwona ya zama biyu. Wutar ƙafa tana nan, da zarar ƙwayar ta sake ni sai ta dawo. Ga kuma wani sabon abu: in lokaci ya wuce ban sha ba, sai hamma, sai majina, sai zufa, jikina ya ƙi zama wuri ɗaya. Ranar Juma'a ana huɗuba ina miƙe ƙafa ina naɗewa, har na kusa da ni ya juyo ya dube ni. A sahu in ɗaga wannan ƙafa in aje waccan, ina Allah-Allah liman ya yi ruku'u. Na taɓa barin mai saye tsaye da atamfa a hannu, na ce za ni kewaya, na nufi wurin mai kwali.

A cikin wata bazara abin ya kai ni ƙasa. Ranar kaya sun yi nauyi, na haɗiye uku masu ƙarfi kafin in baro ƙetare. Ina tuna na wuce wata aduwa da nakan huta a gindinta, dab da Burkusuma. Bayan nan ban san komi ba sai ganina na yi kwance a rairayi, rana a idona, wani dattijo Bafillace yana yayyafa mini ruwa daga gorarsa, shanunsa sun tsaya suna kallonmu. Bakina cike da jini, na tauna harshe. Buhun dabino ya fashe ya watsu har cikin kaba.

"Bawan Allah, kana da farfaɗiya?" ya tambaye ni.

Na ce ban da ita.

"To yanzu ka yi ta. Da idona na gani, babur na tahiya kana karkarwa bisa."

Shi ya tsince mini dabinon, ya tare wani mai babur da ya san ni ya goyo ni gida da targaɗe a kafaɗa.

Mai ɗakina ta ɗauki rigar da na faɗi da ita za ta wanke. Ta fito da fakitocin da suka ƙare daga aljihu, ta zazzage jakar tafiyata ta samu wasu, ta ɗaure su duka a tsohon ɗankwali.

"Jibi za mu Isa," ta ce.

Na ce ai ranarmu ba ta yi ba.

"Ta yi, malam."

Likitan da ke ganinmu mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Da mai ɗakina ta gaya masa abin da ya faru, ya aje biro ya juyo da kujerarsa ya fuskance ni.

"Guda nawa kaka sha a rana?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

Sai ta kwance ɗankwalin ta juye masa a tebur. Na ji kamar in tashi in bar ɗakin. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ya ɗauki fakiti ɗaya ya duba rubutun, ya ɗauki wani, sannan ya ce in tuɓe takalmi. Ya shafa mini auduga a tafin ƙafa, na zabura. Ya tsikare ni da tsinke a babban yatsa, ban ji ba.

"Jijiyoyin ƙafarka sun taɓu," ya ce. "Cutar kanta tana yin haka, wani lokaci kuma magani. Ciwonka gaskiya ne, ban ce ƙarya kake ba. Amma waɗannan na kasuwa, ko mai sai da su bai san abin da ke ciki ba. Su suka kada ka. In ka ci gaba, wata rana ba za a samu mai tada ka ba."

Na ce to daga yau na bari. Ya girgiza kai ya ce wanda jikinsa ya saba bai bari dare ɗaya, in na gwada kwana uku ba za ni kai ba. Ya ce shi zai rubuta mini tiramol marar ƙarfi daga ɗakin maganin asibiti, ta mako biyu kawai, mu riƙa ragewa sannu a hankali, ya haɗa mini da wani magani na jijiya. Amma da sharaɗi: daga hannu ɗaya za ni karɓa, nasa, ƙwayar tana wurin mai ɗakina, ita za ta ba ni a kan lokaci, babur kuma in aje shi tukuna.

Sai ya yi mini tambayar da ban zata ba. "Ciwon ba zai tafi duka ba. Mi kaka so ka iya yi wanda ya gagare ka yanzu?"

Na ce, "In tsaya sallah in ƙare ba tare da na yi rawa a sahu ba."

Ya rubuta hakan a katina. Ya karanta mana sharuɗɗan, na sa hannu da ajami, ita ma ta dangwala.

Makonnin farko ban san inda zan sa kaina ba. Tun hantsi nake fara zagaye gida. In je zaure in dawo, in zagaya rumbu, in ɗebi ruwa in zubar, in zauna a kan turmi in miƙe. Babur yana jingine a rumfa, ina jin na wasu suna wucewa zuwa tasha. Mai ɗakina ta kulle ƙwayar a akwatin kayan aurenta, ta ɗaure makullin a bakin zane. Wata rana da azahar na tare ta a bakin murhu.

"Ba ni ta la'asar yanzu."

"Ba ni ba ka. Sai an kira."

"Ke, ni na mijinki ko likita?"

"Kai na," ta ce, tana ci gaba da tuƙa tuwo. "Shi ya sa."

Na yi mata maganganun da har yau nake kunyarsu. Ta bar ni na ƙare. Da aka kira la'asar ta kawo mini ƙwayar da kofin ruwa, idonta ja, ta tsaya har na haɗiye.

Duk mako biyu muna shiga mota zuwa Isa. Likita ya tambayi ƙafa, ya tambayi barci, ya tambaye ta ko ina yawan gyangyaɗi, ya duba ko ina shan maganin ƙanjamau ba fashi. Wani zuwan ya rage, wani zuwan ya ce mu tsaya nan tukuna. Maganin jijiyar ya fara kamawa. Wutar ta ragu ta koma kamar garwashin da toka ta rufe.

Da damina ta yi nisa, gero ya kai ƙugu, sai hanyar Isa ta rufe. 'Yan bindiga sun tare ta kwana biyu a jere, direbobi suka ce ba mai fita. Ranar komawarmu ta zo ta wuce. Maganin ƙanjamau muna da na wata biyu a gida, amma tiramol ta ƙare, mai ɗakina ta buɗe akwatin ta nuna mini. Na gwada kiran asibiti, waya ta ƙi shiga. Kwana ɗaya na daure. Na biyu zufa da zawo suka taso mini, ƙafafuna suna harbawa da kansu. Na uku da hantsi na ce za ni kewaya gona. Tasha na nufa. Mai kwali yana nan inda na bar shi, har ya yi mini barka da zuwa. Na sha ɗaya a bayan wata rumfa, sauran na soke a jinkar rumbu. Da na shigo gida a natse, mai ɗakina ta dube ni ta kau da kai. Ta gane.

Sai bayan kwana tara motoci suka fara fita, a jere, kowa na addu'a. Duk hanya ina shirya ƙaryar da za ni yi. Na tabbata in ya ji zai yage katin ya ce in nemi wani.

"Da mi ka rayu kwanakin nan?" ya tambaye ni, ko zama ban gyara ba.

Ƙaryar ta maƙale. Na ciro ragowar fakitin mai kwali, wanda na ɓoyo a hulata, na aje masa.

Ya ƙirga ramukan da na ɓalle. "Da ka ce mini ka jure, da ban yarda ba," ya ce. "Mun yi tsarinmu kamar kullum hanya a buɗe take. Sai mu gyara."

Ya sa aka zuba tiramol ta kwana biyar a ambulan daban aka liƙe, ya ba mai ɗakina, ya ce kada a buɗe sai hanya ta rufe, kuma duk zuwa ta zo masa da ita ya gani. Sannan ya kawo maganar da ta fi tsaya mini a rai. Ya ce akwai malamin asibiti a Sabon Birni da ya yarda da shi. In na amince zai rubuta masa takarda, in riƙa karɓar ta mako biyun a can, Isa kuma sai bayan wata uku.

"Amma sai ya san abin da ke cikin katinka duka," ya ce. "Ka yi shawara."

Mako biyu na yi ina juya maganar. Shekara biyar ina cin wannan hanya don kada kowa a garinmu ya sani. In kwanta da niyyar na yarda, in tashi na fasa. Mai ɗakina ce ta yanke. Ta ce, "Sirrin nan namu ne mu biyu, ni na ba da rabona. Na gaji da shiga mota ina kalmar shahada."

Ranar da na kai takardar, ina shiga ɗakin na ga ashe na san mutumin. Masallaci ɗaya muke sallar asuba, na taɓa sayar wa matarsa atamfa. Na tsaya a ƙofa kamar in juya. Ya karɓi takardar ya karanta har ƙasa, ya tashi ya rufe ƙofa da kansa.

"Zauna, malam," ya ce. "Ya ƙafar?"

Bai ƙara komi a kai ba, ranar ko bayanta. Yanzu ƙwaya biyu ƙanana nake sha a rana, likita ya ce mai yiwuwa mu sauka ƙasa da haka, mai yiwuwa a'a. Na kama rumfa a kasuwa, wasu ke kawo mini kaya daga ƙetare. Har yau in na daɗe zaune sai na miƙe na yi 'yan taku.

Da na fito a wannan rana ta farko, ƙwayar a aljihun ciki, sai na ci karo da maƙwabcina a baranda, ya kawo mahaifiyarsa awon jini.

"A'a, malam, lafiya?"

"Ƙafa ce ke damuna," na ce.

Ya jajanta mini, ya ce in gwada man shanu da citta, wani ƙanensa ya ji daɗinsa. Na yi godiya. Na taho gida da sauri, ina ta waiwaye, ina auna yadda ya dube ni, ban san ko ya yarda ba.