Ranar da Na Sauko da Sifika

Tun shekarar da ruwa ya shigo mana har falo, Yaya ya kafa doka a gidanmu na Haɗeja: duk abin da ke cin wuta, saman kwaba zai zauna. Na'urar faifan bidiyo, amfilifaya mai ƙara sauti da sifikoki duk suka koma can. Ban yi musu ba, don ni mutum ne mai fargaba. Ko caji na sa, sai na dawo na taɓa soket ko ya yi zafi.

Akwai faifai ɗaya da Inna take so, na sunan 'yata, inda marigayi Baba ya yi addu'a. Amma kunnenta ya yi nauyi. In an kunna, bakinsa kawai take gani yana motsi.

Wata rana da damina na leƙa bayan na'urar, na ga wayoyin sauti, ja da fara, a talabijin aka cusa su. Na zare filogi, na sake dubawa ko na zare ɗin, sannan na mayar da su ramukan amfilifaya, ja a ja, fari a fari. Da na kunna, murya ta fito tas, amma tana wucewa ta saman kan Inna, don ita a tabarma take zama.

Sai na sauko da sifikar tsakiya, wadda murya ke fitowa ta cikinta, na kwance wayarta da aka nannaɗe, na ɗora ta kan kujera 'yar tsugunno daf da Inna.

Yaya ya shigo. "Kai, ba ka ga hadari ba? Mayar da ita!"

"Ba zan mayar ba, Yaya."

"Ka ƙure sautin mana, ai za ta ji."

"In na ƙure, maƙwabta ne za su ji, ita sai ƙara."

"To in ruwa ya ci ta fa, sarkin tsoro?"

"Ya ci. Ni zan ɗauki asarar."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na kunna faifan.

Inna ta karkata kai, can ta ce amin daidai wurin da ake cewa. Sai ta dubi Yaya.

"Zauna ka ji ubanka. Yana jan addu'a, shinkafar mutane tana hucewa."

Yaya ya cire takalmi.