Doña Eduviges, Wadda Ta Hana a Sare Mana Feijoa

Kafin motar madara ta hauro tudunmu, Doña Eduviges Cely ta riga ta shiga gida uku. Bargon ulu a kafaɗa, baƙar malfa a ka, bokiti a hannu, almakashin datse reshe a aljihu. Ta bayan gida take zagayowa, ta nufi gindin feijoa kai tsaye. Sai ta tsince duk 'ya'yan da suka faɗo, ta tsaga biyu ko uku da wuƙa ta leƙa cikinsu, sannan ta ɗago ta gaida masu gida. Shekara talatin da ɗaya tana haka a ƙauyenmu na El Tejar, a tsaunukan Boyacá. Babu wanda ya ɗauke ta aiki, babu sunanta a ofishin gona. Bana gwiwoyinta sun ƙi, likita ya ce ta zauna, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda bai ga shekarar tsutsa ba bai san Doña Eduviges ba. Feijoa 'yar uwar gwaba ce, kuma ƙudan da ke lalata gwaba shi ya sauko mana. Sai ka ga ɗan itace kore shar, ka tsaga, ciki ya ruɓe yana motsi. Matan da ke dafa shi da sukari su kai kasuwar Lahadi duk suka kife tukwanensu.

A wannan halin Don Aristides Monroy, mai babbar gonar da ke kwari, ya zo taron unguwa tare da malamin gonarsa. Ya ce bishiyoyin bayan gidajenmu ne matattarar ƙuda, daga nan yake sauka ya ɓata masa amfanin da yake turawa ƙasashen waje. Ya ce injin sare itace na cikin mota, a sare duka, shi zai raba mana sabon dashe. Mutane suka sunkuyar da kai. Rabin mazan ɗakin a gonarsa suke aiki.

Doña Eduviges ta miƙe, ba ta ko cire malfa ba.

"Don Aristides, bishiyar gidana kakata ce ta dasa ta. Ranar da aka dasa ta, gonarka fadama ce shanu ke kwana a ciki."

"Doña, ba tarihi na zo ji ba. Ƙuda bai san kakarki ba."

"Ni ya sani. Ka ba ni kakar girbi biyu. In malamin nan naka ya tsaga ɗari ya sami tsutsa a goma, ni zan riƙe maka injin."

Malamin gonar ya yi dariya. Ta juyo ta dube shi. "Yi dariyarka, ɗana. Amma ka zo da wuƙa mai kaifi."

Tun daga washegari ta hana kowa sakat. Ta ce ɗan itace kada ya wuni a ƙasa, domin daga cikinsa tsutsa ke fita ta shige ƙasa ta dawo ƙuda. Kowane gida ya haƙa rami mai zurfi, a zuba ruɓaɓɓu, a bi da farar ƙasa a rufe. Ta tara robobin lemo ta huhhuda, ta zuba ruwan mazarƙwaila mai tsami ta rataye a rassa su zama tarkon ƙuda. Ta koya mana sa wa 'ya'yan jakar takarda tun suna ƙanana. Bishiyar da ta cunkushe ta sassabe ta har rana ta shiga, masu ita na kallo kamar za su yi kuka.

Da maƙwabcina Don Gratiniano suka fi kai ruwa rana. Shi ya rantse baƙaƙen tsuntsayen da ke cin furen ne ke jawo masa asara, yana ta harbinsu. Ta tsinko ɗan itace ɗaya daga bishiyarsa ta tsaga a gabansa, ciki fayau babu tsoka.

"Ka gani? Tsuntsun da kake kashewa shi ke kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Ka kori ma'aikatanka, kana neman girbi."

"Ke komai kin sani, Eduviges."

"Ban san komai ba. Na dai fi ka tsugunawa a gindin itace."

Ya rataye bindigar, ko da yake wata guda bai gaishe ta ba.

A kaka ta biyu malamin gonar ya zo. Aka shimfiɗa buhu a harabar makaranta, ya bi gida-gida ya tsinko ɗari da hannunsa, ya zauna yana tsagawa muna tsaye a kansa. Huɗu ne masu tsutsa. Uku daga ciki daga gidana suka fito, domin na yi sati biyu ban tsince na ƙasa ba, ina ganin babu mai lura. Ba ta rufa mini asiri ba.

"Malamin makaranta guda, kana koya wa yara tsabta, gindin bishiyarka kamar juji."

Na sunkuyar da kai. Don Aristides ya koma motarsa. Bayan sati uku malaminsa ya dawo shi kaɗai, da littafi a hannu, yana tambayarta yadda take haɗa ruwan tarkon. Ta sa shi ya ɗauki bokiti tukuna.

Doña Eduviges, ke ce kika tsaya ranar da duk muka sunkuyar da kai. Ke ce kika nuna mana talaka ma yana iya cewa a'a, muddin zai tashi da sassafe ya yi aikin da zai tsaya wa maganarsa. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, kin ce ba ki da bangon rataye ta. Mun gode, uwar bishiyoyin El Tejar. Allah ya sassauta miki ciwon nan.

Ku kuma mutanen ƙauye, kada mu tsaya ga tafi. Ranar Asabar na je gaishe ta, tana zaune a bakin taga ƙafa a kan kujera. Ban gama zama ba ta nuna gidan da ke tsallake da sandarta ta ce akwai 'ya'yan feijoa guda shida a ƙasa tun jiya, wa zai tsince? Na tashi na tafi. Gidaje arba'in da biyu ne a tudun nan, ita kuma ba za ta ƙara hawa ba. Kowa ya nemi bokitinsa.