Matar da ke Manna wa Littattafai Lamba

Shekara ashirin da bakwai ta yi a ɗakin karatu na jami'a, ba ta tuna ranar da wani ya ce mata sannu da aiki ba, sai in wani abu yake nema. Ɗalibai Goggo suke ce mata, ma'aikata kuwa Mai Gam, don kullum yatsunta a daskare suke da shi. Aikinta ɗaya ne. In sabon littafi ya zo, sai ta buɗe wani ƙaton kundin lambobi da Turawan mulkin mallaka suka bari, ta duba abin da ya ce, ta rubuta lamba a 'yar takarda, ta manna a bayan littafin. Lambar ce ke faɗin kantar da zai zauna.

Kundin nan ba shi da kunya ko kaɗan. Bature ya zauna ya yi tunani a kan mulki da adalci, wannan falsafa ce, sai saman bene inda fanka take. Mutumin ƙasa ya yi irin tunanin nan, wannan al'adu da tatsuniyoyi ne, sai ɗakin ƙasa, wajen tsofaffin jaridu da kyankyasai. Goggo ba ta taɓa tambayar dalili ba. An ce mata haka ake yi, ga marayu uku a gabanta, ta yi.

Autarta ce ta kai shekarar ƙarshe a sashen falsafar siyasa. Wata Litinin da azahar ta shigo ofis ido jawur, rungume da wani littafi mai warin danshi.

"Umma, ya ƙi."

"Wa ya ƙi me? Zauna mana, kin tsaya mini a ka kamar falwaya."

"Dakta mai duba aikina. Na ce a kan wannan zan yi bincikena na fita. Wani tsohon alƙalinmu ne ya rubuta, a kan yaushe ya halatta talaka ya ƙi bin mai mulki."

"Ya karanta ya ce bai yi ba?"

"Ko buɗewa bai yi ba. Juya shi kawai ya yi, ya dubi baya, ya ce, 'Yarinya, ba ki ga lambar ba? Wannan na masu tatsuniya ne. Mu nan tunani muke koyarwa.' In ban kawo wani batu zuwa Alhamis ba, wai sai baɗi."

Goggo ta karɓi littafin ta juya. Rubutunta ne. Ita ce ke yi wa lamba bakwai wutsiya haka, tun tana da ƙuruciya. Ta daɗe tana kallon 'yar takardar da ta yi ja don tsufa.

Washegari ta ja gwiwarta mai ciwo ta hau wurin shugaban ɗakin karatu.

"Ranka ya daɗe, lamba ɗaya nake so a canja."

"Haba Goggo, ai akwai kwamiti a kan wannan maganar."

Kwamiti kam akwai. Shekara huɗu ke nan suna zama a ɗaki mai sanyi, suna shan shayi, suna karanta wa juna dogayen takardu da Turanci a kan yadda za a rabu da tunanin Turawa. Har baƙi sun gayyato daga ƙasashen waje, an tafa, an ɗauki hoto. A cikinsu babu wanda ya taɓa taka matakalar ɗakin ƙasa. Sun ce ƙura na tayar musu da mura.

"Aikin 'yata ne ya maƙale, kuma zuwa Alhamis aka ba ta, ranka ya daɗe."

"To sai ta yi haƙuri. Ba a taɓa tsari da ka."

Ta ce na gode, ta sauko. Ta rufe ƙofar ofis, ta jiƙa tsumma, ta goge tsohuwar lambar har ta saki. Ta rubuta sabuwa, ta falsafa, ta manna. Ta gyara a kwamfuta ma, tunda dama ita ce ke shigarwa, babu mai dubawa. Duka aikin bai kai minti goma ba. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Ranar Alhamis Auta ta dawo da gudu, gyale a hannu.

"Umma, ya sa hannu! Ya juya littafin, ya ce, 'A'a, ashe an gyara. To ai da kin ce falsafa ce.'"

"Ya buɗe?"



"Bai buɗe ba. Amma ai ya sa hannu, Umma."

"Ya sa."

Goggo ta tuɓe takalmi, ta miƙe ƙafa a kan kwali. Murnar ta ƙi zuwa mata, gajiya ce kawai ta sauko mata tun daga wuya.

"Miƙo mini ruwa. Ki tafi ki yi aikinki. Ke dai ki karanta shi har ƙarshe, kin ji ko?"