Gaiwar da Muka Bari a Gindin Giginya

Makon jiya maƙwabcinmu a Kurudu, nan Abuja, ya kawo masu haƙa su yi masa ramin sokawe, inda ruwan ban-ɗaki ke taruwa. Da suka wuce jar ƙasar da aka zuba a sama, sai suka fara fito da baƙar laka mai danƙo, warinta ya shigo mana ta taga. Ban san yadda zan kwatanta maka shi ba idan ba ka taɓa zama kusa da fadama ba. Ba ɗoyi ba ne, ba kuma ƙamshi ba. Wari ne na ruwan da ya daɗe a kwance tare da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ina shirin fita ofis ke nan na ji Inna, mahaifiyata, wadda idanunta suka yi rauni a shekarun nan, ta ce daga ɗaki, "Kai wannan, wa ke haƙar gaiwa?"

Ni ne ɗan fari, shi ya sa ba ta kiran sunana. Ni ne kuma ɗan autan, domin ba ta sake haihuwa ba. Na ce mata rami ake yi. Ta ce, "Rami ne, amma ƙasar gida ce." Daga nan ta koma kan maganar da take yi mini duk shekara: idan ruwa ya janye in kai ta ƙauye, can take son ta ƙarasa kwanakinta, a bakin fadamar mahaifinta. Na daɗe da jin cewa an cike wurin an yi gidaje. Amma ban gani da idona ba, don haka kullum amsata ɗaya ce, ban tabbata ba tukuna.

Ƙauyenmu yana can ƙasa da Karshi, inda duwatsu ke ƙarewa ƙasa ta shimfiɗe. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Inna ta koma da ni gidan mahaifinta. Mu uku ne a gidan, ni da ita da Kaka, kuma gidanmu ne na ƙarshe kafin ruwa. A kan tudun gabas akwai ƙauyen Gwandara. A hayi kuma Gwari ne, waɗanda matansu ke ɗauko doya a kafaɗa ranar kasuwa, su bi ta ƙofar gidanmu a jere su gaishe da Kaka. Da rani Fulani kan sauka da shanu su kafa ruga a gefen fadama, su tashi da zarar hadari ya fara haɗuwa.

Da damina kuwa duk waɗannan hanyoyi sukan nutse. Ruwa ya mamaye fadama har gindin dangarmu, mu zauna kamar a tsibiri. Ina jiyo dakan matan hayi da hayaniyar yaransu, ina ganin hayaƙin girkinsu, amma ba hanyar zuwa. Ina jin a nan na koyi zama shiru. Abokan hirata tsuntsaye ne. Shamuwa ce ke fara zuwa ta yi sheƙa a kan tsamiya. Sai belbela su cika bakin ruwa fari fat, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya tun safe kamar wanda aka ce ya jira wani. Gauraka biyu sukan sauka can tsakiya, idan ban manta ba, ko da yake na taɓa faɗa wa wani abokin aikina ya ce bai yi tsammanin ana samunsu a yankin nan ba, har na fara shakkar kaina. Guza kam na tabbata da shi, domin ya sha kwashe mana ƙwan kaji. Birai kuma su sauko daga dutse su shiga masara, Inna ta bi su da bugun tsohuwar tasa.

Lokacin da na fi so shi ne bazara, sa'ad da fadama ta bushe ta tsattsage, mutum ya taka inda kwanan baya ruwa ya kai masa wuya. A nan ne aikin gaiwa yake. Gaiwa kifi ce doguwa mai santsi, wadda ba ta bin ruwa idan ya tafi. Nutsewa take yi cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da wata fata kamar busasshen ganye, ta bar ɗan ƙaramin huji a sama don numfashi. Haka za ta kwanta, ba ci ba sha, har ruwa ya dawo.

Kaka yakan ɗauki dagi da tsohuwar ƙwarya, ni kuma in bi shi a baya. Yana tafiya a hankali yana bubbuga ƙasa da gindin dagin. Idan ya ga huji, sai ya tsaya ya ce, "Ɗan boko, kunnuwana sun tsufa, ara mini naka." Sai in kwanta rub da ciki in ɗora kunne a kan ƙasa mai zafi, shi kuma ya sake bugawa. Idan gaiwa na ciki, takan yi wani ɗan gurnani, ƙasa-ƙasa, kamar tsoho ya juya cikin barci. Matsalata ita ce ban taɓa sakankancewa ba. Ko ita ce, ko cikina ne, ko bugun zuciyata. Sai in ɗago in ce, "Kamar na ji."

"Kamar?" in ji shi. "To madalla. Yau miyar kamar za mu sha, a ce wa uwarka ta ɗora tukunya."

Wannan magana ta bi ni har gida. Duk ranar da muka dawo hannu wofi, Inna na hango mu za ta ce, "An samo kamar ɗin?" Su yi ta dariya, ni kuwa in ɓuya a bayan rumbu.

Kaka yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba. Hujin da muka samu na ƙarshe a kowace rana ba a haƙa shi. Sai ya kifa masa tsingaron tukunya, ya ɗan ɗaga gefe don iska ta shiga, alamar cewa wani ya riga ya gani ya bari. Mutanen hayi ma sun san alamar, ba sa taɓawa. Na tambaye shi dalili, ya ce idan ruwa ya dawo ya tarar ba kowa a gida, ba zai zauna ba. Ban sani ba ko da gaske yake ko wasa ne irin nasa.

A bazarar da zan tafi makarantar kwana, hujin ƙarshe a gindin wata giginya muka same shi, mai karkataccen wuya, wadda Inna ke tsintar 'ya'yanta ta binne don a samu muruci. Ranar na ji gurnanin sosai, ba kamar. Kaka ya kifa tsingaro ya ce, "Wannan taka ce. Idan ka gama karance takardun duniya, ka dawo ka gaishe ta. In ba ita ba, jikarta." Ya rasu ina aji na uku. Bayan na gama jami'a na samu aiki, na ɗauko Inna muka dawo nan.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je ƙauyen. Warin lakar maƙwabci ne ya hana ni sakat. Na hau mota zuwa Karshi, daga can ɗan acaɓa ya shiga da ni. Tudun Gwandara yana nan, sai dai rufin kwano ya rufe shi. Daga nan ban ƙara gane komai ba. Inda fadama take katanga ce doguwa da waya a kanta, a ciki gidaje iri ɗaya a jere, wasu an shiga wasu ba a gama ba. Ban ga belbela ko ɗaya ba. Na yi ta bin katangar har na hango karkataccen wuyan giginyar. An bar ta a bakin ƙofar shiga, an zagaye ta da siminti, an shafa mata farin fenti a gindi.

Na tambayi mai gadi, wani dattijo mai magana da Hausar zaman Abuja, yaushe aka cike wurin. Ya ce da rani mana, ai tifa ba ya shiga ruwa. Wannan amsa ce ta tsaya mini a rai. Na san gaiwar da muka bari ta fita tun da ruwan farko na waccan shekarar. Amma kowace bazara wasu na kwanciya. Ke nan ranar da motoci suka juye jar ƙasa, akwai waɗanda ke naɗe a ƙasa suna jiran damina. Na taɓa karanta cewa gaiwa na iya yin shekaru a haka. Ban san iyakarsu ba, kuma ba na jin za ta rayu idan an toshe hujin. Duk da haka na duba hagu da dama, na durƙusa, na ƙwanƙwasa simintin da mukullin gida, na ɗora kunne.

"Oga, lafiya? Wani abu ya faɗi?" in ji mai gadin.

Na ce masa a'a, gaisuwa na kawo. Akwai wani gurnani a ƙasa, siriri, ba ya yankewa. Kusan na tabbata janareta ne daga cikin gidajen.

Da na dawo la'asar ta yi. Inna na zaune a kan tabarma ta fuskanci taga. Tun a hanya nake shirya yadda zan faɗa mata, na canza kalmomin ya fi a ƙirga. Ta shinshina ta ce ba ta ji warin laka a jikina ba. Na ce giginya tana nan. Sai ta ce, "Ka saurara?"

Na ce na saurara.

"To?"

"Kamar na ji, Inna."

Ta yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ta daɗe tana murza gefen tabarma da yatsa. Sannan ta ce, "Ashe yau ma miyar kamar za mu sha."

Tun ranar ba ta sake cewa in kai ta gida ba. Maƙwabcinmu ya gama raminsa, jiya aka zuba masa murfin kankare. Da safen nan na ga Inna ta lallaɓa ta buɗe tagar, ta tsaya jim, sannan ta mayar ta rufe.