Jinin Baban Yara

Shekara goma sha tara Anti Lamba ta yi a ɗakin gwajin jini na asibiti, matakala arba'in da shida sama da ɗakin masu ciwon zuciya. Abokan aiki suka laƙaba mata sunan, don ko tari ka yi sai ta faɗa maka sau nawa. Aikinta auna ƙananan ƙwayoyin nan da ke daskarar da jini. Ta ga ɗaruruwa: in jijiyar zuciya ta toshe, ƙwayoyin kuma suka fito manya-manya, galibi ciwon ya yi tsanani. Ta kuma san in kwalba ta daɗe a ajiye, kumbura suke yi, na'ura ta ba da lambar ƙarya.

Wata Talata da hantsi aka kawo mijinta, kafinta, dafe da ƙirji, garin katako har a gira.

Kwalbar jininsa ta farko ta nuna manya.

"Ta daɗe a ƙasa," ta ce wa nas ɗin da ta kawo.

"Anti, ko minti goma ba ta yi ba."

"Na ce ta daɗe!"

Ta sauka da kanta, ta ɗaure wa mijin hannu, ta soka allura.

"Maman yara, a gida ki cinye ni da faɗa, a nan kuma ki shanye min jini?"

"Miƙe hannu, baban yara. Surutu sai ka ce rediyo."

Minti uku ta yi zuwa sama, tana haki. Lambar dai ta ɗazu ce. Ta wanke na'ura, ta gwada ta da jininta, ya fito daidai. Ta koma ta ɗebo nasa karo na uku. Tunda ta fara aiki ba ta taɓa roƙon Allah ya sa ita ce ta yi kuskure ba sai ranar.

Likita ya tare ta a kan matakala.

"Anti, bar wahalar da shi. Ba da wannan kaɗai muke yanke magana ba, mun ga hoto. Jijiya biyu sun toshe, ta uku saura kaɗan. Ko ya tashi, shi da zarto sun rabu. Ki kira yaran."

Ta koma bakin gado. Leɓɓansa sun yi fari fat.

"To, malama, nawa na ci a jarrabawar?"

Ta sa gefen mayafinta tana goge masa gumi.

Ya daɗe yana kallonta.

"Shi ke nan," ya ce. "Ƙofar maƙwabcinmu tana shago, ban sa mata fatar ƙarfen da za a kafa ta ba. Ki ce ya kai wa wani."