Tabarmar Gwaggo Asabe a Ɗakin Tsintsiya

Shekara arba'in ke nan da muka kai Gwaggo Asabe makwancinta. Niyyata in rubuta mata addu'a in ajiye alƙalami, amma abin da na gani makon jiya a wata makarantar ƙaramar hukuma kusa da mu nan Sabo, a Ibadan, ya hana ni yin shiru. Bari in fara daga farko.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A shekarun hamsin, da aka buɗe karatun firamare kyauta a Jihar Yamma, ina cikin 'yan tsirarun yaran Sabo da aka kai makarantar kansil, cikin 'ya'yan Yarbawa. Babana fataucin goro yake yi zuwa Arewa. Ina ɗan shekara bakwai ya tafi da kaya, ciwo ya kama shi a hanya, Allah ya yi masa rasuwa, aka binne shi can. Ni kuwa aka tura ni gidan kawuna har aka share makoki. Da na dawo na tarar Inna ba kwalli ba kitso, aka ce ba ta jin daɗi ne. Baba fa? Yana Arewa, sai ya sayar da goro. Haka mutanenmu ke yi, wai tausayin yaro.

Hedimastanmu Bayarabe ne, mutumin kirki, kuma bai san da wannan ba. Ya ji labarin a bakin wata mai sayar wa Baba goro. A wurinsu maraya na kowa ne, a fili ake yi masa jaje. Ranar Litinin a layin safe ya kira ni gaba, ya dafa kaina, ya gaya wa makaranta duka da Yarbanci cewa mahaifina ya rasu, a yi mini addu'a. Wallahi dariya na yi. Na ce masa ba nawa ba ne, nawa yana Arewa. Sai na waiwaya wajen yaran Sabo don su ba da shaida, na ga kowa ya sunkuyar da kai. Ashe duk sun sani.

Daga ranar bakina ya mutu. A gida aka ce iska ce, aka yi ta ɗura mini rubutu. A aji malami ya ɗauka taurin kai ne, ya sa bulala. Dattawan unguwa suka ce ga abin da boko ke jawowa, a cire yaranmu gaba ɗaya.

Gwaggo ta tsufa, ta wuce kulle, koko da ƙosai take sayarwa. Ta yafa mayafi ta tafi ofishin ilimi na kansil da Yarbancinta na kasuwa. Kowa ya zaci za ta nemi a kori hedimasta ne. Ina! Ta ce mutumin bai yi ƙarya ba, mu muka yi. Wuri take so a makaranta inda yaron da zuciyarsa ta karye zai zauna da wanda ke jin yarensa. Jami'in ofishin ya zo da ƙafarsa, ya sa aka kwashe tsintsiyoyi da karyayyun benci daga wani ɗan ɗaki, ya ba ta izinin zama can kullum da hantsi. Ya kuma kafa doka: ba a sanar da mutuwa a layi sai an aika gidan yaro, ba a dukan mai makoki sai an yi arba'in. Dattawa suka janye maganarsu.

A kan tabarmarta na yi kwanaki, ba ta matsa mini ba. Ran nan ta kama hannuna ta ce, "Ɗan ƙanena, babanka ya rasu. Ba zai dawo ba. Ƙarya muka yi maka, ka yafe mana." Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Gwaggo, ya sayar da goron?" Ta fashe da kuka, ni ma sai a lokacin nawa ya zo. Bayana yara da yawa sun zauna a tabarmar nan, har da na Yarbawa, masu kiranta Iya Sabo.

To, makon jiya na je makaranta kai wa jikata abinci, na tarar da Hafsa, 'yar maƙwabcina, durƙushe cikin rana. Laifinta, an yi mata tambaya ta ƙi magana. Ubanta direba ne mai kawo albasa Kasuwar Bodija, ya rasu a hatsari ko arba'in ba a yi ba. Malamar ba ta sani ba, don ba wanda ya gaya mata. A gida kuma an ce wa yarinya uban yana tashar motar Ojoo yana jiran lodi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙaryar nan ce dai, bulalar nan ce dai, ina da furfura ina kallo.

Na je ofishin ilimi, aka ce ai akwai malami mai ba yara shawara. Na neme shi, ashe shi ke koyar da lissafi a aji uku, ba shi da ɗaki ba shi da lokaci. Haba jama'a! Da Gwaggo za ta leƙo ta ga makarantu sun yi fenti da shinge amma babu kusurwa ɗaya ta yin kuka, ban san kalmar da za ta faɗa ba, na dai san ba za ta bugu a jarida ba. Abin da hukuma ta yi a zamaninta bai fi ƙarfin ta yau ba: ɗaki, dattijuwa daga unguwa, da doka a kan bulala.

Gwaggo ba ta bar gida ko fili ba, tabarmar ma ta daɗe da ruɓewa. Abin da ta bari a wurina yake. Na roƙi mahaifiyar Hafsa har ta yarda, na shimfiɗa tabarma a zaure, na zaunar da yarinyar, na faɗa mata yadda aka faɗa mini. Ba ta yi mamaki ba. Ta ɗago ta ce, "Ai na sani, Kaka, yara sun gaya mini. Na ɗauka Umma ce ba ta sani ba, shi ya sa na yi shiru."

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe.