Ranar da na sake ɗaukar Hafsatu

Wata bakwai ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu tambaya nakan ce musu aiki ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ƙafata ta dama ta daina ɗaguwa.

Hutu na ɗauka daga ɗakin labarai, na je Rimawa taya Baba dashen albasa. Kwana huɗu ina tsugune a fadama daga hantsi zuwa la'asar, ni da na shekara goma a kan kujera. Rana ta biyar silifa ya fara zame min. Na ɗauka laka ce.

Da na koma gida Goronyo, na ɗauki ɗiyata Hafsatu, 'yar wata tara, zan fita da ita. Yatsuna suka ja ƙasa a dokin ƙofa, na faɗi da ita a hannu. Gwiwar hannuna ce ta sha siminti. Tsakanin kanta da ƙasa bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Uwarta Balkisu ta karɓe ta, ta dudduba ta, sannan ta dube ni.

"Baban Hafsa, ba ka ƙara ɗaukar ta sai ƙahwag ga ta gyaru."

Ban yi gardama ba.

Baba ya ce targaɗe ne. Mai ɗori a Wurno ya ɗaure min kara da tsumma tamau daga ƙasan gwiwa, mako biyu. Da aka kwance, ko tsinke ba na ji a bayan ƙafar.

A asibiti a Sakkwato likita ta ce in ɗaga yatsuna sama. Na yi ta yunƙuri, ko motsi. Aka yi gwajin suga, hoton baya, da gwajin jijiya da lantarki. Buhu biyu na albasar da Baba ya adana suka tafi a nan.

"Akwai jijiyar da ke ratsa gefen gwiwa," in ji ta. "Tsuguno ya danne ta, ɗaurin ya ƙara. Tana iya farfaɗowa, tana iya ƙi. Kafin nan, kada ka sake faɗuwa."

A sashen gashin ƙashi suka auna ƙafar da filasta, suka ƙera min roba mai tallafe ta daga sharaɓa zuwa tafin sawu. Sharaɗinta rufaffen takalmi. Ni kuwa sau biyar nake cire takalmi a yini, ga alwala, ga zafin Goronyo. Cikin kwana goma maɗaurinta ya ci min fata ban ji ba. Balkisu ce ta ga jini a safa.

Aka ce in ajiye ta sai ciwon ya warke. Na koma jan ƙafa. Hafsatu takan rarrafo ta miƙo hannu, in kau da kai.

Da na warke na kai robar wurin Malam Ummaru, baduku a kasuwarmu. Ya jujjuya ta.

"Wanda yay yi abin ga bai san rana ba. Mi ka hana a shimhiɗa mai hwatar akuya?"

"Sai likita ta yarda, Malam."

"To kai mata. In ta ƙi, ka ce baduku na gaishe ta."

Sau uku na kai aikinsa Sakkwato. Na farko fatar ta yi kauri. Na biyu maɗaurin sama ya hau daidai kan jijiyar, mai gashi ya ce ko taku ɗaya kada in yi da shi. Na uku mai gashin ya huda wa robar ramukan iska, ya sa ni kai da komo a baranda, ya daɗe yana kallon yatsuna, sannan ya ce ya yi. Abin da Malam Ummaru ya ɗinka buɗaɗɗen takalmi ne mai maɗauri a dunduniya, robar na zaune ciki.

A wata na biyar babban yatsa ya motsa. Yanzu ƙafar na ɗaguwa, amma in zan yi nisa ina sa tallafin.

Na gode wa Allah, da likitar, da mai gashin, da Malam Ummaru. Masu dashe, ku riƙa miƙewa kuna warware ƙafa. In silifa ya fara zamewa ba dalili, asibiti za a fara zuwa, kada a ɗaure. Mai sa roba ya duba fatarsa kullum, kuma duk gyara ya bi ta hannun masu gashi.

Juma'ar da ta wuce Balkisu ta sa ni tsallake dokin ƙofar nan sau goma tana ƙirgawa. Sannan ta miƙo min yarinyar.

"Ungo. Sannu-sannu dai."

Na tsallaka da ita. Muna fita ta fara zillo, wai in sauke ta. Ta iya tafiya da kanta yanzu.